InControl a kwamfutar situdiyo: abin da take tarewa da abin da take bari ya wuce

Kwamfutar haɗa kiɗa idan ta zauna daidai, ba a son komai ya motsa a cikinta. Direban katin sauti (manhajar da ke haɗa katin da Windows) ya kama, filogin (ƙananan manhajojin sarrafa sauti) duk suna buɗewa, lasisi bai yi gardama ba, FL Studio ko Cubase na ɗaukar murya a bafa 128 (girman ƙunshin sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci ɗaya) babu tas-tas. Windows Update kuwa ba ruwansa da wannan, lokacinsa na yi zai sauko da abin da ya ga dama. InControl manhaja ce ta kyauta da Steve Gibson na kamfanin Gibson Research ya fitar a 2022 don Windows 10 da 11, aikinta tsayar da Windows a sigar da kake kai. Bayan aiki da ita a kan kwamfutocin ɗaukar sauti, hukuncina shi ne ta cancanci zama a kowane situdiyo, amma duk wanda ya ɗauka ita kaɗai ta ishe shi zai sha mamaki.

Sai an raba sabuntawar Windows gida uku kafin a gane amfaninta. Akwai babbar sabuntawa ta shekara-shekara mai canza siga, kamar daga 23H2 zuwa 24H2. Akwai ta wata-wata mai toshe ɓarakar tsaro, wadda ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata. Sai kuma direbobin na'urori da Windows ke turowa da kansa. InControl ta farkon kawai take tarewa.

Aiki da ita ba wuya. Fayil ɗaya ne da bai kai megabait ɗaya ba, ba a girka shi, buɗewa kawai ake yi da izinin mai kula da kwamfuta. Za ta nuna maka Windows ɗin da kake kai da sigarsa, ka danna Take Control, shi ke nan. Abin da take yi a ɓoye shi ne rubuta ƴan saituna a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, manyansu TargetReleaseVersion, TargetReleaseVersionInfo da ProductVersion. Waɗannan saituna na Microsoft ne da kansa, an tanade su don kamfanoni masu son tsayar da kwamfutocinsu a siga ɗaya. Wannan ne ya fi burge ni. Ba ta kashe wani sashe na Windows da ƙarfi, kuma da ka rufe ta babu abin da ya rage yana gudana a bayan fage yana cin firosesa. A bafa 128 da 48 kHz, kwamfuta na da kusan milisakan 2.7 ne ta cika kowane ƙunshin sauti, don haka duk wata manhaja mai yawan farkawa a ɓoye abar gudu ce. Bayan ka danna, shafin Windows Update na iya rubuta cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saitunan. Kada hankalinka ya tashi, alamar saitin ya kama ce. Masu Windows Home su suka fi cin moriyarta, tunda ba su da gpedit, wato kayan saita dokokin Windows da ke zuwa a Pro, da za su yi wannan saiti da hannu.

Me ya sa canjin siga ya fi komai haɗari ga mai sauti? Hawa daga 23H2 zuwa 24H2 kusan sake girka Windows ne gaba ɗaya a kan fayilolinka. A irin wannan hawa ana sake ɗora direbobi, kuma saitunan da ka wahala ka gyara suna iya komawa yadda suka zo daga kamfani: tsarin wutar lantarki ya bar High performance, USB selective suspend ya dawo yana kashe tashar da katin sauti ke ciki, lasifikar allo ta HDMI ta zama ita ce ta farko, adadin samfurin sauti a sakan (kamar 48 kHz) ya koma wani daban da na aikinka. Wani lokaci direban ASIO, wato wanda manhajar kiɗa ke bi ta kai ga katin sauti irin na Focusrite ko Behringer, sai an cire shi an sake sa shi. Filogin masu ɗaure lasisi da kwamfuta suna iya neman a sake tabbatar da su, kuma idan hakan ta faru mawaƙi na tsaye gaban makirufo, zaman ranar ya lalace. A situdiyoyin Kano ko Kaduna akwai ƙarin damuwa biyu: gigabait da dama na data, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa, wadda kan iya barin kwamfuta ta kasa tashi. InControl ta rufe wannan ƙofar da kyau.

Inda ta gaza shi ne sabuntawar wata-wata, kuma misalin a fili yake. Ta Janairun 2025, mai lamba KB5050009 a 24H2, ta sa wasu na'urorin sauti na USB masu amfani da direban USB Audio 1.0 suka daina aiki, Device Manager na nuna kuskure mai lamba 10. Microsoft ya amsa matsalar, ya gyara ta a sabuntawar ƙarshen watan. Wanda ya danna Take Control bai tsira daga wannan ba. Ban ɗauke shi a matsayin laifin manhajar ba, don marubucinta bai taɓa cewa tana tare facin tsaro ba, kuma kwamfutar da ke hawa intanet don manhajojin tabbatar da lasisi irin su Native Access ko iLok tana buƙatar facin. Amma sunanta na sa mutum ya saki jiki fiye da kima.

Don haka sai an haɗa mata da wasu matakai. Kafin Talatar sabuntawa ka shiga Settings, Windows Update, ka dakatar da sabuntawa. Ana iya dakatarwa har sati biyar, amma sati biyu sun isa a ji ko facin ya ɓata wa masu irin katinka wani abu. Ka saita Active hours su rufe lokacin aikinka, iyakarsu awa 18, don kada kwamfutar ta sake tashi ana cikin fitar da waƙa. Maganar direbobi kuma, a Windows Pro ka buɗe gpedit.msc, ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, ka nemo Do not include drivers with Windows Updates ka kunna shi. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa tas-tas ɗin da ke bayyana ba zato ba tsammani ba daga katin sauti yake ba. Sabon direban katin hoto ne ko na Wi-Fi yake riƙe firosesa fiye da kima, sautin ya rasa lokacinsa. LatencyMon, wata manhaja mai sigar kyauta, za ta nuna maka mai laifin idan ka bar ta ta yi minti 10 zuwa 15 aikinka na kunne. Sunayen da aka saba gani su ne nvlddmkm.sys na NVIDIA da ndis.sys na hanyar sadarwa.

Abu na biyu da InControl ba za ta tuna maka ba shi ne wa'adi. Kowace sigar Windows 11 ta Home da Pro wata 24 take samun tallafi. Na 23H2 ya ƙare a Nuwamban 2025, na 24H2 Oktoban 2026 ne, Windows 10 kuwa tallafinsa na kowa da kowa ya tsaya ranar 14 ga Oktoba 2025. Microsoft ya bayyana cewa kwamfutar da aka tsayar a sigar da wa'adinta ya wuce da kwana 60 za a ɗaga ta kai tsaye. Ma'ana, idan ka manta, hawan da kake gudu zai zo a ranar da ba kai ka zaɓa ba. Da ma manhajar na nuna ranar ƙarewar sigar a fuskarta, da ta cika. Tunda ba ta yi, ka rubuta ranar a takarda ka manna jikin allo.

Idan lokacin hawa ya yi, ka zaɓi makon da babu aikin kowa a hannunka. Ka duba shafukan masu katin sautinka, manhajar haɗa kiɗanka da manyan filogin ɗinka, ka ga sun ce sun dace da sabuwar sigar. Ka ɗauki hoton faifan C, wato cikakken kwafinsa, gaba ɗaya zuwa faifan waje da Clonezilla ko Veeam Agent, ka kuma gwada cewa filashin ceto, wanda za ka maido da hoton da shi, na tayar da kwamfutar, don hoton da ba a iya maidowa ba shi da amfani. Ka jona kwamfutar a inbata ko UPS. Sannan ka buɗe InControl, ka danna Release Control, ka rubuta sigar da kake so, ka sake danna Take Control. Daga 24H2 zuwa 25H2 abin da sauƙi, ƙaramin fayil ne da sake tashi sau ɗaya, saboda tushensu ɗaya.

Bayan babban hawa, Windows na ba ka kwana 10 kacal ka koma tsohuwar siga, kuma matsalar filogin da ba kullum ake buɗe shi ba takan ɓoye fiye da haka. Tun a ranar farko ka buɗe Command Prompt da izinin mai kula, ka rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, wa'adin ya koma kwana 60. Kada ka bari Disk Cleanup ya share jakar Windows.old, inda tsohuwar sigar take ajiye, a cikin wannan lokaci. Daga nan ka buɗe aikinka mafi nauyi, mai layuka da filogin da yawa, ka kunna shi daga farko har ƙarshe a bafar da ka saba, sannan ka ɗauki murya ta minti biyar ka saurara da abin kunne kafin ka kira mawaƙi.