Daddy's Highway ko The Good Earth: wanne za ka fara saurara?

Faifai biyu ne na salon jangle pop, kiɗan da jita ke amo tamkar ƙararrawa, kuma ƙananan kamfanoni ne suka fitar da su. Mawaƙan ƙungiyar The Feelies, 'yan jihar Niyu Jazi a Amurka, sun saki The Good Earth a 1986, shekara shida bayan faifansu na farko. Peter Buck na ƙungiyar mawaƙa ta R.E.M. ya sa hannu wajen haɗa shi. Sai dai muryar mawaƙin The Feelies, Glenn Mercer, a binne take ƙarƙashin jita, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma.

Ni dai Daddy's Highway ya fi kwanta mini a rai. Mawaƙan ƙungiyar The Bats ne suka yi shi a 1987, ƙarƙashin Flying Nun, ɗan kamfanin da Roger Shepherd ya kafa a Christchurch ta Niyu Zilan. Ba a yi masa kwalliya ba. Robert Scott na rerawa, Kaye Woodward na amsa masa a hankali, can kuma gogen Turawa ya ratso kamar mai kuka. Mutum huɗun da ke cikin ƙungiyar, abin mamaki, tun 1982 suke tare, babu wanda ya fice.

Mai doguwar tafiya a mota kuwa, na The Feelies zai fi yi masa.