Gargaɗi kan mai tallar dawakan kiwo da ya cuce ni Naira 1,350,000

Assalamu alaikum. Na yi mako uku ina ɗaga wannan rubutu saboda kunya, amma baƙin cikin ya fi ƙarfin kunyar. Wani mutum mai tallar dawaki a Facebook ya karɓi Naira 1,350,000 a hannuna a kan wani akawal, wato baƙin doki, da ya ce a cikin shanu ya tashi, wajen Larabawan Shuwa a ƙasar Chadi, alhali dokin da ke ɗaure a turkena yanzu ko maraƙi ya matso kusa da shi sai ya zabura kamar zai tsinke igiya.

Ni ba baƙon dabba ba ne. Na fi shekara 20 ina shiga kara, wato kasuwar dabbobi, Potiskum ranar Laraba, Wudil ranar Juma'a, kuma ba a taɓa sayar mini da sa mai ciwo ba. Garkena ne ya ƙaru, makiyayina ya gaza kewaye shi da ƙafa, shi ya sa na nemi doki wanda ya saba da shanu.

Abin da ya hana ni barci shi ne ranar Alhamis ɗin da na je karɓar dokin a kasuwar Maigatari. Sahu ɗaya muka yi azahar da mutumin, kafaɗa da kafaɗa. Da muka fito ya ja ni bayan kasuwa, ya buɗe bakin dokin da hannunsa, ya rufe kafin in gama dubawa, ya ce, "Alhaji, shekararsa shida, wallahi ko mahaifina ne haka zan gaya masa." Sannan ya ce kada mu sa dillali, asarar la'ada ce kawai. Na ɗauka tausayina ya ji. Nan na tura masa cikon Naira 950,000 ina tsaye, har ina yi masa godiya. Kafin wannan, tun ranar Litinin, na riga na aika kafin alƙalami Naira 400,000 saboda bidiyon da ya turo, inda wani yaro ke kan dokin yana mayar da saniyar da ta ɓalle daga garke. Duk wanda ya ga bidiyon nan zai biya, ba ni kaɗai ba.

Kwana biyu da sauke dokin ya fara ɗingishi da ƙafar gaba. Likitan dabbobi ya ce tsohon ciwon jijiya ne, kuma ga alama allurar kashe zafi aka yi masa kafin in zo, haƙoransa kuwa na dokin da ya haura shekara 15 ne. Na manta ban faɗa ba, tun a mota direba ya ce dokin yana ɗage ƙafar, na ce gajiya ce. Sai daga baya na koma kan bidiyon na ga wancan dokin yana da fari a ƙafar baya ta hagu, nawa kuwa baƙi ƙirin ne har kofato. Ashe ma ba doki ɗaya ba ne.

Wayarsa a kashe take, ya goge shafinsa, asusun da na tura kuɗin kuma da sunan wani daban yake, na ga haka tun a lokacin, amma ya ce na ƙaninsa ne. Shugabannin kasuwa sun ce cinikin da ba dillali ba shaida ba su da abin kamawa a kansa. Asarata ke nan: Naira 400,000 da Naira 950,000, ban da Naira 60,000 kuɗin mota.

Kada ku biya a kan bidiyo. Ku sa dillali, ku kai likita, a saki dokin cikin shanu a gabanku. Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗi da bidiyon duk suna nan, zan ɗora su gobe in Allah ya kai mu, da zarar na dawo daga wajen 'yan sanda.