Fentin alli a kan tsohon firam ɗin madubi

A watan Janairu na sayi wani madubin bango a wajen masu kayan gwanjo a Kano. Firam ɗinsa na katako ne mai sassaƙar ganye da furanni, sai dai wani ya taɓa lafta masa fentin ruwan gwal mai ƙyalli har ya kusa cike ramukan sassaƙar. So nake ya fito tamkar abin da aka gada daga ɗakin kaka, don haka na yi odar ƙananan gwangwanaye biyu na fentin alli, wato fentin da ke bushewa ba ƙyalli kamar alli, ɗaya ruwan ƙasa mai duhu, ɗaya ruwan madara, tare da kakin shafawa iri biyu, garai-garai da mai duhu. Wata 'yar Ingila, Annie Sloan, ce ta fito da irin wannan fenti a 1990, ko da yake nawa na wani kamfani ne mai araha.

An rubuta a jikin gwangwanin cewa ba sai an kankare tsohon fenti ba, kuma hakan ya yi mini daɗi, domin tsofaffin fenti kan ƙunshi dalma, ga shi ina da yara ƙanana da ba na so su shaƙi ƙurarta. Ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori kaɗai na sa na wanke firam ɗin. Shafin farko, mai duhun, ya kama jikin gwal ɗin sosai ba tare da zamewa ba, kuma iskar hunturu ta busar da shi kafin rabin awa. Saurin bushewar nan ya zo da nasa wahalar, saboda fentin yana daskarewa a bakin buroshi tun ban gama kusurwa ɗaya ba, dole na riƙa tsoma shi a ruwa ina rufe gwangwanin.

A shafi na biyu ne maganar gwangwanin ta gaza. Inda gwal ɗin ya ɓare katako ya bayyana, sai jajayen tabo suka riƙa ɓullowa ta cikin ruwan madarar, ina ƙara shafi suna ƙara fitowa. Kafintan unguwarmu da ya duba ya ce maɗaci ne, ruwan jikinsa ke tasowa idan ya ji danshi; ya shafa wa wuraren shelak, wani ruwan shafe katako da ke toshe jikinsa, washegari na sake bi da fenti, tabon bai dawo ba.

Sashen da na fi jin daɗi shi ne fito da tsufan. Na ajiye samfefa gefe, na ɗauki tsumma mai ɗan laima ina murza tudun kowane ganye a hankali, sai ruwan ƙasan ya leƙo, a wasu wuraren ma har gwal ɗin asali ya ɗan haska daga ƙasa. Wuraren da hannu zai riƙa taɓawa na fi gogewa, wato gefuna da ƙasan firam ɗin, domin nan ne tsohon abu ke sudewa. Da na zo kan kaki na yi gaggawa, na shafa mai duhun kai tsaye a kusurwa ɗaya, fentin ya shanye shi ya zama kamar dauɗa. Ashe sai an fara shimfiɗa garai-garan, sannan mai duhun ya kwanta a ramuka a goge na sama.

Kakin ya ɗauki kusan mako uku kafin ya daina danƙo, kuma duk tsawon lokacin sai da na lulluɓe madubin da tsohon zane saboda ƙura. Rabin kowane gwangwani ya rage, zai ishe ni ƙaramin teburi. Ranar da na rataye shi a falo gwaggona ta zo, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni yaushe zan kai shi a yi masa fenti.