Kumfa mai ruwa-ruwa ko mai kauri: wacce ta fi a zafin Ringim?

Malam, ka ce ka haɗa akwatin gilashi na kifin teku a ƙauyenku da ke kusa da Ringim, ka sa masa sikima, na'urar nan mai kwashe dauɗa. Wata rana kofin da dauɗar ke taruwa a ciki ya cika kafin la'asar, wata rana ko ɗigo babu. Kana son sanin wanne saiti ya fi, kumfa mai ruwa-ruwa ko mai kauri.

Na'urar tana cusa ƙananan kumfar iska cikin ruwan gishiri. Ragowar abinci da kashin kifi da suka narke sai su manne wa kumfar, ta hau ta wuyan na'urar ta zube a kofi, kamar wadda ake kwashewa a kan tukunyar nama. Bambancin saitin biyu duk a tsayin ruwan da ke cikin na'urar yake.

In ka rage buɗin mafitar ruwa, ruwan zai hau zuwa gindin wuya, kumfa ta fito da ruwa-ruwa. Abin da ke taruwa ba shi da duhu, kofi na cika da wuri, dauɗa na fita da sauri, wuyan kuma ba ya saurin toshewa. Sai dai duk kofin da ka zubar, ruwan gishiri ne ka zubar. Kai kuma ruwa mara gishiri kake ƙarawa kullum don cike wanda zafi ya tsotse, shi ke nan gishirin akwatin ya riƙa raguwa ba ka sani ba. Awon gishirin da ake so a ma'aunin nauyin ruwa shi ne 1.025 zuwa 1.026. Gishirin haɗa ruwan teku ba a kasuwar ƙauye ake samunsa ba, na girki kuwa ba ya yi.

In ka ƙara buɗin mafitar, ruwan ya sauka, kumfa sai ta daɗe tana taruwa kafin ta tsallake. Abin da ke fita baƙi ne mai kauri, ga wari. Gishiri kaɗan kake asara, kofi kuma yakan kai kwanaki. Wahalarta wanki: dauɗar na liƙewa a wuya, kuma da zarar ta yi kauri kumfa ba ta hawa sosai. Sai ka riƙa gogewa duk bayan kwana biyu ko uku, da ruwa zalla, ban da sabulu.

A wajenmu ni na fi karkata ga mai ɗan kauri. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan tankin ƙasa, wato wanda ke ƙarƙashin akwatin inda na'urar ke zaune, yana sauka da rana, ka ƙara da yamma ya hau. Ga ɗauke wuta. Famfon da ke tura ruwa zuwa akwatin na tsayawa, ruwan akwatin ya gangaro tankin ƙasa, wuta na dawowa na'urar ta yi ambaliya. Wanda ya saita ta ruwa-ruwa tun asali a bakin cika take, ƙaramin canji ya isa ta mayar da dauɗar cikin akwati. Ina zaton wannan hawa da saukar ne ke rikita taka, ba makunnin saita mafitar ba. Ka ja layi a jikin tankin bisa zurfin da takardar na'urar ta faɗa, ka riƙe ruwan a nan. In wuta ta dawo ko ka koma kan sola, bari babban famfo ya yi 'yan mintoci kafin ka kunna ta.

Ruwa-ruwa na da ranarta: in kifi ya mutu a ciki ko yara sun zuba abinci da yawa, ka ɗaga ruwan cikin na'urar na kwana biyu kana auna gishiri.

In sabuwa ce, ba ta mako ɗaya zuwa biyu kafin ta daidaita. Ka juya makunni kaɗan, ka jira wasu awanni. Kada ka yi saiti bayan ba da abinci ko sa hannu a ruwa, domin maiƙo na kwantar da kumfa na ɗan lokaci. (Masu kiwon tarwada, kada ku sayo ta, a ruwan rijiya kumfar ba ta tsayawa.)

Ka kuma kula da bututun iska. Gishiri da ƙurar hunturu na toshe shi, ruwan ɗumi ke wanke shi. Iskar ɗakin ce take zuƙa kai tsaye zuwa cikin ruwa, don haka kada a fesa maganin sauro ko a kunna turaren wuta kusa da ita.