Gwajin dutse da "bindiga" a Gusau: ta iya kuza da dalma, zinare sai ɗakin gwaji

Akwai wani ƙaramin shago a Gusau inda wani matashi da ya karanta ilimin duwatsu yake gwada ma'adinai da na'urar XRF, mai haska dutse ta nuna ƙarafan da ke cikinsa, wadda masu haƙa ke ce wa bindiga. Ni sayen dutse nake yi a yankin Anka. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙa a Zamfara a Disamba 2024, bayan rufewar 2019, kowa ya kawo buhu sai ya rantse arziki ne a ciki. Rantsuwa kuwa ba ta biyan bashi.

Abin da ya fara burge ni, bai yarda ya ɗora bindigar a kan dunƙulen dutse ba. Sai da ya daka shi ya zama gari, don fatar dutse daban, cikinsa daban. Wani baƙin dutse mai nauyi da aka tsinto a gefen giranit, aka sayar mini a matsayin kuza, ashe wani ƙarfe daban mai suna tangistin ya fi yawa a ciki. Wani kuma mai ɓawo launin toka, da ke shafa baƙi a yatsa kamar fensir, ƙarfen da ake kira molibdinam ne. Kowanne cikin minti ɗaya ko biyu.

Da muka zo kan zinare sai ya ce, "Alhaji, gaskiya wannan ba aikinta ba ne. Giram kaɗan a cikin tan guda ba ta gani, kuma tangistin yana rikita ta. Ka kai ɗakin gwaji a narka da wuta." Da wani ne, da ya karanto mini lamba kawai ya karɓe kuɗinsa.

Farin dutsen da na fi sa rai a kansa, dalma ta nuna a ciki sosai. Jikina ya yi sanyi. Duk ɗan Anka ko Bukkuyum ya san 2010, lokacin da niƙan irin wannan dutse a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400 a su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Ya gargaɗe ni kada a niƙa shi inda yara ke wasa, kada kuma a shiga gida da tufafin aiki.

Ƙorafina ɗaya ne: ba ya ba da sakamako a rubuce, sai dai ka ɗauki hoton allon da wayarka, kuma manyan 'yan kasuwa takarda suke nema. Idan za ka je, ka ɗebo samfuri daga wurare daban-daban na ramin, ka rubuta sunan kowanne a jikin leda.