DaVinci Resolve na kyauta: ra'ayina bayan na tace farkon fim mai tayar da hankali da ita

Duk lokacin da aka bai wa ɗaliban sashen koyon aikin jarida jingar haɗa fim, tambayar da ke fara faɗowa a gurup ɗin aji ita ce da wace manhaja za a tace. Amsar da ta fi yawa CapCut ce, don tana cikin wayar kowa. Ni dai a zangon karatun da ya wuce DaVinci Resolve na ɗauka, ta kyautar, kuma da ita na tace minti 2 na farkon wani fim mai sa zuciya dukan uku-uku da rukuninmu ya tsara. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga shi ba a ma sayi sabulun ba. Sai dai manhajar tana da sharuɗɗa biyu da ba ta ɗaga ƙafa a kansu: tana son kwamfuta mai ƙarfi, tana kuma son mutumin da ya gama tunanin fim ɗinsa tun kafin ya kunna kamera.

Ga wanda bai san ta ba, ta kamfanin Blackmagic Design ce na ƙasar Ostireliya. Kamfanin ya sayi da Vinci Systems a 2009, lokacin da aka fi sanin Resolve da gyaran launi a manyan situdiyo. Daga baya aka cusa mata sashen sauti mai suna Fairlight a 2017, sai Fusion na siddabarun hoto a 2018. Ta kuɗin, wadda ake kira Studio, dala 295 ce, biya ɗaya, ba biyan wata-wata irin na manhajar Premiere da editocin da na sani a Zoo Road suka fi sabawa da shi ba. Ta kyautar ba ta manna maka tambari a kan aikinka muddin ba ka taɓa kayan Studio ba, kuma tana fitar da fim har zuwa Ultra HD. Ɗalibi ba ya bukatar fiye da haka, kuma ya huta da neman manhajar sata mai shigo masa da bairos.

Malaminmu ya gindaya sharuɗɗa. Minti 2 cif, har da sunaye. Babu jini, babu bindiga. "Duk wanda ya kawo mini aljani da farar hoda a fuska," in ji shi, "sifili zan ba shi." Muka zauna muka fitar da labari ɗan ƙarami. Wata matar aure ce ita kaɗai a gida da daddare, maigidan ya yi tafiya. Ta fito tsakar gida kwashe shanya, sai aka ɗauke wuta. Ta haska fitilar waya tana komawa, sai ga takalman namiji a jere a ƙofar ɗakinta, laka ba ta bushe a jikinsu ba. Ba na mijinta ba ne. Nan fim ya tsaya, suna ya fito.

Gardamar da muka fi daɗewa a kanta ita ce wa zai fara ganin takalman, ita ko mai kallo. Daraktan finafinai Alfred Hitchcock ya taɓa bambance abubuwan biyu da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan ya fashe ba zato, mai kallo ya razana na ɗan lokaci ya wuce, idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, duk hirar banzar da mutanen ke yi a kan teburin sai ta zame masa azaba. Muka bi ta biyun. Tun wuta na nan, kamera ta nuna takalman a gefen hoto yayin da ita ta juya baya tana ninke zani. Daga nan duk wani zanin da ta ninke jan ran mai kallo ne.

Kowace ɗauka mun zana ta a littafin rubutu, zanen 'yan firamare, kai da sanduna, muka ba ta lamba. Muka kuma ja layi a ƙasa da gawayi daga igiyar shanya zuwa ƙofar ɗakin, kamera ba ta tsallake shi ba ko sau ɗaya. Wannan ita ce dokar digiri 180: idan matar tana kallon dama a wannan ɗaukar, to dama za ta ci gaba da kallo, in ba haka ba mai kallo zai ɗauka ta juya. Na kawo wannan ne don babu maɓallin da ke gyara shi a Resolve ko a wata manhajar. Abin da Resolve ta yi mini shi ne ta bar ni na zuba hotunan cikin akwatuna bisa lambobin littafin, na sa wa masu kyau alamar kore, don haka haɗin farko bai ba ni wahala ba.

Inda na fara jin daɗinta sosai shi ne wajen datsa. Fim irin wannan a kan firam-firam yake rayuwa, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke jeruwa su zama motsi. A shafin Edit, idan ka zaɓi mahaɗar ɗauka biyu, maɓallin waƙafi yana matsar da ita firam ɗaya baya, na aya kuma firam ɗaya gaba. J da K da L su ne baya, tsayawa, gaba. Da hannun hagu a kan waɗannan, sai ka manta da linzami. Akwai wurin da matar ta miƙa hannu za ta ɗauki wayarta daga kan turmi. A ɗauka mai faɗi hannun ya fara tafiya, a ta kusa ya isa. Idan ka yanka kafin hannun ya motsa, ido yana ganin ɗinkin. Idan ka yanka a tsakiyar motsin, ba wanda zai san ɗauka biyu ce, alhali tsakaninsu akwai sallar isha'i da cin abinci. Da yatsa a kan allon waya, samun wannan daidai sai an sha fama.

Sai fuskarta. 'Yar ajinmu da ta fito a matsayin matar ba 'yar wasa ba ce, kuma duk lokacin da aka ce ta nuna tsoro sai ta zaro ido ta dafe ƙirji, mu kuma mu fashe da dariya. A ƙarshe hoton da na yi amfani da shi wanda aka ɗauka ne tana tsaye tana jiran darakta ya ce a fara, fuska ba yabo ba fallasa. Na sa shi bayan hoton takalman. Duk wanda ya kalla sai ya ce yarinyar nan ta iya wasa. Mai shirya fim Lev Kuleshov ya gwada wannan a Rasha kimanin shekara 100 da suka wuce, da fuskar ɗan wasa ɗaya da ya haɗa da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace, masu kallo suka ga yunwa, baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. Na karanta shi a aji, amma sai da na gan shi a kan layin tacewa ya zauna mini. Na bar fuskar na daƙiƙa 4, wato firam 100 a tsarin firam 25 a daƙiƙa. Da na rage ta zuwa 2, sai ta zama labari kawai. Da na kai ta 6, sai ta zama wasan kwaikwayo.

Manhajar tana da tarin salon sauya hoto, masu juyawa, masu walƙiya, masu narkewa. Ban taɓa ko ɗaya ba sai dusashewa zuwa baƙi a ƙarshe. Mun taso da kallon finafinai masu dogon zango inda ake zuƙo fuskar kowa sau uku da bugun ganga idan an faɗi mugun labari, har muka ɗauka haka tashin hankali yake. A ganina wannan ihu ne, kuma wanda ake yi wa ihu ba ya kasa kunne.

Kunnen kuwa shi ne rabin aikin, kuma nan ne Resolve ta yi wa duk abin da na taɓa riƙewa fintinkau. Ba mu sa kiɗa ba sam. Abin da ke cikin minti 2 ɗin shi ne rediyo daga ɗaki, fanka, ɗigon famfo cikin bokitin ƙarfe, da janaretan maƙwabta. Kowanne daban na naɗe shi da waya, na ba shi layinsa a Fairlight. Da aka ɗauke wuta, rediyon ya mutu nan take, amma fankar ba ta tsaya ba sai a hankali, fif, fif, fif, tazarar tana ƙaruwa har ta yi shiru. Sai ɗigon famfon, wanda tun farko yana nan ba a lura da shi ba, ya fito fili. Na ɗaga shi kaɗan-kaɗan da layin ƙarar sauti yadda ba za a ce ga inda ya ƙaru ba. Janaretan kuma na yanke masa siririyar murya da EQ, mai daidaita kauri da sirantar sauti, na bar masa gurnani, sai ya koma can bayan katanga maimakon cikin gidan.

Abu biyu na koya a wannan shafin da zan so kowane ɗalibi ya sani. Na farko, shiru ba rashin sauti ba ne. Idan ka bar layi fanko, mai kallo zai zaci lasifika ce ta lalace. Sai ka naɗi shirun tsakar gidan kansa na minti guda, kowa ya kame, ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin komai. Na biyu, sauti ya riga hoto shiga. Ƙarar ƙyauren ɗakin ta fara tun muna kan bayan matar, sai bayan kusan daƙiƙa guda aka nuna ƙofar. Editoci suna kiransa yankan J. A Resolve, ka danne Alt ka kama bakin sautin shi kaɗai ka ja shi baya, shi ke nan. Akwai kuma De-Hummer, mai cire zugin lantarki. Lantarkinmu a kan 50 yake bugawa a daƙiƙa, na zaɓi 50, zugin da ya shiga naɗin rediyon ya ragu ƙwarai.

Launi shi ne gadon gidan Resolve, amma a nan ne ta kyautar ke nuna maka iyaka. Hoton waya a cikin duhu yana cika da tsaki-tsaki, mai goge wannan tsakin kuwa na Studio ne. Tunda mun san haka, ba a duhu muka ɗauka ba. Fitilar caji muka rataya, muka lulluɓe ta da farin ɗankwali don hasken ya yi laushi, muka ɗauki hoto mai haske, sannan na dusashe shi a shafin Color na karkata shi zuwa shuɗi. Matsalar da littattafan koyon ba su cika damuwa da ita ba ita ce fatarmu: ka rage haske kaɗan, baƙar fuska ta ɓace, sai ido da haƙora. Na zagaye fuskarta da taga, na sa manhajar ta bi ta duk inda ta motsa, na riƙe haskenta yayin da sauran gidan ya nutse. Wannan duk a kyauta ne, kuma bin fuskar bai kuɓuce ba.

Yanzu batun nauyi. Kamfanin da kansa ya ce a tanadi RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, gigabait 16, 32 in za a shiga Fusion. Tsohuwar laftof ɗina 8 gare ta, don haka tana tafiya ne kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. Mafita ita ce a sa manhajar ta yi ƙananan kwafin hotunan a yi aiki da su, in an zo fitarwa ta koma kan na asali. Da haka muka rayu. Sunayen farkon fim ma rubutu fari zalla na yi, ban kusanci masu motsi na Fusion ba. A nan a kula da salon rubutun da aka zaɓa, don da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Noto Sans yana da su.

Akwai wasu tarkuna da ya kamata a sani tun kafin a fara. Da zarar ka zuba hotuna ka kafa layin tacewa, ba za ka iya canza adadin firam ɗinsa ba, don haka ka tsai da shawara tun farko, 25 ko 24 ko 30, ka saita wayar a kan haka. Wayoyi da yawa kuma ba sa riƙe adadin firam ɗaya, wanda kan sa baki da murya su rabu a doguwar ɗauka. HandBrake, shi ma kyauta ne, yana daidaita su kafin a shigar. Aikinka ba fayil ba ne da za ka gani a folda ka kwafa, yana cikin rumbun manhajar, sai ka fitar da shi da kanka idan za ka kai wata kwamfutar. Ka tabbata Live Save, mai adana aiki da kansa yayin da kake yi, a kunne yake, saboda batirin laftof da wutar garin nan ba abin dogaro ba ne. Sauke manhajar kanta ya haura gigabait 2, gara a samu waifai ɗin makaranta ko a jira datar dare. Babu Hausa a cikin harsunanta, amma littattafan koyonta suna nan kyauta a shafin kamfanin, da hotunan gwaji.

Wanda waya kaɗai gare shi kada ya karaya, CapCut za ta yanka masa, za ta kuma bar shi ya raba sauti da hoto. Abin da zai rasa shi ne sauƙin matsar da firam ɗaya, da iko a kan layukan sauti masu yawa, da tagar da ke ceto fuska a duhu. Wanda kuwa yake da kwamfutar da ta kai, ko zai iya samun ta sashe, ban ga dalilin da zai sa ya nemi wata ba. Studio dai ba zan saya yanzu ba. Dala 295 a canjin yau ta fi ƙarfin aljihuna, kuma in kuɗin ya samu, ƙarin RAM da makirfo mai kyau ne a gaba.