Ungozomar ƙarni na 14 ko bazawarar 1920?

Masu rubuta labaran binciken kisa a ƙauyukan Ingila na da na da wasu zamani biyu da suke so.

Na farko shi ne ƙarni na 14, wajajen annobar 1348. Jarumar kan zama ungozoma ko mai magani. Babu 'yan sanda, sai jami'in sarki mai duba gawa, muƙamin da aka kafa a 1194, kuma kafin ya iso ƙauyen gawar ta fara sauyawa. Ita kuwa ta riga ta ga shatar igiya a wuya, ta shinshina ƙoƙon da mamacin ya sha. Matsalarta ita ce wa zai saurari mace? In ta cika baki, kanta zargin zai dawo. Wannan fargabar ce ke hana ni ajiye littafin.

Na biyu, shekarun 1920: bazawarar da yaƙin duniya na farko ya cinye mijinta. Akwai tarho, akwai jirgin ƙasa, 'yan sandan Landan na ɗaukar zanen yatsa tun 1901. Makaminta hirar shan shayi da maƙwabta. Yana da daɗin karatu, amma hankalinka kwance yake, ka san sufeto na nan tafe.

Ni dai ungozomar nake zaɓa.